Yadda Za Ka Bar Aiki a Garin da Ba a Ƙin Tayi Sau Uku

Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ina ba ka tabbacin za ka bar aikinka. Ban ce za ka yi arziki ba, ban kuma ce surukarka za ta fahimce ka ba. Alkawarina ɗaya ne: wata Litinin za ta waye ba ka kan kujerar nan da ta riga ta ɗauki siffar mazaunanka. An gwada hanyar a kan mutum guda, Arlen Nyquist na nan Duluth, ta kuma yi aiki ɗari bisa ɗari, in an cire sau huɗun farko da ta ƙi.

Kada ka tambaye ni takardar shaida. Abin da na sani na tsince shi ne a laburaren gari, da kuma shekarun da na yi ina gyaran injin kwafin takardu a ofisoshi. Mai gyara yakan durƙusa a bayan inji a manta da shi, kunnensa kuwa yana tsaye.

Mataki na ɗaya: Tabbatar aikin ne ba shi da amfani, ba kai ba

Da yawa daga masu cewa aiki ya kashe musu zuciya, barci ne kawai bai ishe su ba. Saboda haka gwada tukuna. Zauna da wani wanda bai san ofishinku ba, ka bayyana masa abin da kake yi daga safe zuwa yamma. In ya ce, "Don me?" ba shi amsa. In ya sake cewa, "Don me?" ka ji kana son karkatar da hira zuwa batun sanyin bana, to ka ci jarrabawa.

Arlen ya ci da kyakkyawan sakamako. Shekararsa hamsin da huɗu, ashirin da biyu daga ciki ya yi su ne a wani kamfani mai yin murfin roba na kofunan gahawa. Aikinsa karanta koke-koken masu saye. Yakan kasa su gida uku: masu cewa murfin ya yi tsauri, masu cewa ya yi sako-sako, da waɗanda dai kaɗaici ya dama suna neman wanda za su rubuta wa. Kowace Alhamis ya haɗa rahoto shafi shida ya aika hawan sama. Bai taɓa tsallake Alhamis ɗaya ba, har da wadda aka cire masa haƙori. Murfin kuwa yana nan yadda yake tun ranar da aka ɗauke shi aiki.

Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini rai: wanda ya yi aikin banza da iyakar gaskiyarsa, riba ya yi ko hasara? Na karanta littattafai masu kauri a kan wannan. Babu wanda ya ambaci murfi. Mu ci gaba.

Mataki na biyu: Nemi inda za ka dosa

Kada ka bar aiki don kawai ka bar shi. Wanda ya yi haka, bayan mako uku za ka same shi a gida yana jera gwangwanayen kicin bisa tsayi, matarsa tana leƙa masa tallan aiki a ɓoye. Nemi abin da in kana yin sa kake manta abincin rana.

Na Arlen yana can arewa, kusa da garin Ely, a wata rumfar katako a bakin tafki. Mai rumfar, Eino Lahti, tsoho ne ɗan shekara tamanin da uku, yana ƙera kwale-kwalen katako da hannu yadda babansa ya koya masa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Arlen ya kai masa kwale-kwalen marigayi mahaifinsa gyara. Tsohon ya bi tsagar da babban yatsa, ya ce, "Ba dutse ne ya fasa shi ba. Ajiya ce." Arlen ya tsaya cikin ƙamshin sabon katako, ya ji kamar an buɗe masa taga a ƙirji. Tun daga ranar, kowace Asabar yakan yi tuƙin awa biyu don ya je ya riƙe wa tsohon bakin katako.

A farkon Afrilun da nake ba ka labari, ƙanƙarar tafkin ba ta gama narkewa ba, Eino ya tarbe shi ko ɗagowa bai yi ba.

"Ɗan birni. Yau ma ka zo gaya mini za ka bar aiki?"

"Wannan karon da gaske ne, Eino."

"Wancan ma da gaske ne. Riƙe nan." Ya tura masa katako. "Idanuna sun kusa tafiya. Jiya na gai da bokitin can, na zaci kai ne."

"Haba, ai da sauranka."

"Bokitin ya fi ka, bai yi mini ƙarya ba. Ji nan. Litinin ta farko a watan Mayu, bakwai na safe, ka zo zuwan zama, in juye maka abin da ke hannuna tun ina ganin hannun. In ba ka zo ba, ran Talata mai gidan abincin bakin titi zai turo mota. Yana so ya rataye kayan aikina a bango, baƙi su ci soyayyen kifi a ƙarƙashinsu."

"Ba za a kai ga haka ba."

"Sau huɗu ke nan ina jin wannan. Ɗaga gefenka, ya karkace."

Lura: bincikena ya nuna rayuwa mai ma'ana tana da ranar lalacewa, kamar madara. Bambancin kawai, ita ba a rubuta ranar a jikin kwali.

Mataki na uku: San maƙiyinka

Za ka zaci maƙiyinka tsoron talauci ne, ko shugabarka a wurin aiki. Ba su ba ne. Mahaifiyarka ce, baiwar Allah, da tarbiyyar da ta yi maka a teburin cin abinci.

Ka dai san yadda muke. In an yi maka tayi, ba ka karɓa a karon farko. "A'a, kada ki wahalar da kanki." Karo na biyu ma ka ƙi. "Gaskiya na ƙoshi, yanzu na ci." A na uku ne kake cewa, "To, tunda kin matsa, ɗan kaɗan." Wanda ya karɓa tun farko mayunwaci ne. Wanda ya ƙi har a na uku ya ci mutuncin gidan, kuma za a riƙa tuna shi wajen shan gahawa bayan coci har zamanin jikokinsa. Ita ma mai tayin dole ta cika uku. In ta tsaya a biyu, marowaciya ce.

Gwen Rustad, shugabar sashen su Arlen, 'yar gidan tarbiyya ce. Sau huɗu yana miƙa mata takardar ajiye aiki. Kowane karo takan ce, "Arlen, ba za ka zauna ba?" ya ce a'a, ya gode. Bayan 'yan kwanaki ta sake, ya ce a'a, ya riga ya yanke shawara. Ranar liyafar bankwana, an yanka kek, an miƙa masa kati, sai Gwen ta dafa kafaɗarsa a gaban kowa ta ce, "Ka tabbata ba za ka ɗan ƙara zama da mu ba?" Sai Arlen ya ji bakinsa, ba da izininsa ba, yana cewa, "To… tunda kin matsa, ɗan kaɗan." A tafa. Litinin ya dawo kan murfi.

Ƙyallen da aka rubuta "Sauka lafiya, Arlen" kuwa, tun karo na biyu suka daina yar da shi. Yana naɗe a kabad ɗin kayan Kirsimeti.

Mataki na huɗu: Sanar da gida, sannan ka yi atisaye

Zaɓi lokacin da matarka take riƙe da abu mara kaifi. Arlen bai bi wannan ba. Ya sami Marlys, wadda ke dafa abinci a makarantar firamaren unguwa, tana feraye dankali.

"Marlys, na yanke shawara."

Ba ta ɗago ba. "Ta wace shekarar?"

"Eino ya ba ni wa'adi. In ban je ba, zai sallamar da kayan."

Nan ta ajiye wuƙar. "Arlen Nyquist, buɗe kunnenka. Sau huɗu ina sayen sabuwar riga don bikin barinka aiki. Ta huɗun ko takardar farashin ban cire ba, na san zan mayar. Inshorar lafiyar gidan nan a kan aikina take, yara sun kama gabansu, ba abin da ya ɗaure ka sai bakinka. In ka sake shigo mini da kati a hannu da wannan fuskar taka ta karen da ruwa ya doka, a gareji za ka zauna, kai da kwale-kwalen babanka."

Wannan shi ake kira goyon baya. In ka samu irinsa, ka riƙe da kyau.

Ita ce ta kawo shawarar atisaye. Kullum wajen cin abincin yamma za ta yi masa tayi uku, shi kuma ya koyi ƙin na ukun.

"Ƙarin dankali?"

"A'a, na gode."

"Ga shi nan fa da yawa."

"Gaskiya na ƙoshi."

"Ɗan ƙara mana."

Ludayi yana sama. Gumi ya tsattsafo a goshin Arlen. Ya dubi ludayin, ya dubi matar da ta tsaya a kan ƙafafunta tun safe tana ciyar da yara ɗari uku, sannan ta dawo ta dafa masa.

"To… ɗan kaɗan."

"Kash! Arlen!"

Ta zuba masa duk da haka, don ita ma ba ta iya janye tayi. Kwana goma sha biyu suna yi, ya faɗi goma sha biyu, har da ranar da ta dafa hantar da ya tsana tun yana yaro. Abin da atisayen ya haifar kawai, ya koma ɗaura bel a rami na gaba.

Lura: atisaye ba ya sa mutum ya ƙware. Yana dai nuna masa girman matsalarsa, wanda shi ma ilimi ne.

Mataki na biyar: Rubuta takardar, ka tabbata ta ce za ka tafi

Al'ada ita ce ka ba da sanarwar mako biyu a rubuce. Taƙaita. Wadda Arlen ya rubuta shafi uku ce: godiya ga Gwen, godiya ga masu shara, da ban haƙuri kan wata rana shekarun baya da ya ajiye mota a gurbin wani. Marlys ta karanta har ƙarshe, ta juya bayan takardar, ta ce, "To, ina wurin da ka ce za ka tafi?" Babu shi. Ta karɓi biro ta soke komai, ta bar layi biyu.

Safiyar Litinin ya shiga ofishin Gwen ya ajiye takardar a gefen tebur, kamar wanda ya tsinta a ƙasa yana neman mai ita. Ta karanta, ta cire tabarau.

"Wayyo, Arlen. Kwale-kwalen ne?"

"Su ne."

"To. Abu ne dai na daban."

Ka san a nan haka ake cewa abu bai kwanta wa mutum ba, ba sai na fassara ba.

"Ba za ka zauna ba?"

"A'a, Gwen. Na gode ƙwarai."

Ɗaya ke nan. Kada ka yi murna. Na farko kowa yana iya shi.

Mataki na shida: Ɓuya

Tunanin a fili yake: wanda ba a gani ba, ba a yi masa tayi. Arlen ya koma cin abincin rana a cikin mota. Ya daina shiga lif, ya koma bin matakala. Bayan gida ma na hawa na uku yake zuwa, inda ba wanda ya san shi. In ya ji takun Gwen, sai ya ɗaga waya ya shiga ba wa ƙarar layi haƙuri kan murfi mai sako-sako.

Wanda ba ya ɓoyuwa gare shi shi ne Duane Pelto, maƙwabcin teburinsa na shekara goma sha biyar.

"Kaftin! An fito da ƙyallen, ni da kaina na kakkaɓe masa ƙura. Don Allah ka sa baki bana a yi kek na lemo. Na cakulan ɗin wancan karon ya bushe."

"Wannan karon tafiya zan yi, Duane."

"Ai kullum tafiya kake yi. Juma'a ka tafi, Litinin ka dawo. Mu ma haka muke yi, mu ne dai ba a yanka mana kek."

Rana ta takwas Gwen ta ritsa shi a wurin ajiye motoci. An yi ƙanƙarar bazata irin ta ƙarshen Afrilu, yana kankare gilashin motarsa, sai ga ta da nata abin kankarar ta kama masa ɗaya gefen. Ba a gudu a bar mai taya ka kankara.

"Ka san dai ƙofa a buɗe take," in ji ta.

Arlen ya yi ta kankara yana auna maganar. Wannan tayi ne, ko labarin ƙofa ne kawai? In tayi ne, saura ɗaya. In ba tayi ba ne, saura biyu, wanda ya fi sauƙi ko ya fi muni, ya kasa tantancewa.

"Wato," ta ƙarasa, "ba za ka zauna ba?"

"Na riga na yanke shawara, Gwen."

Biyu.

Za ka ce me ya hana shi ya ce mata kai tsaye, "Don Allah kada ki tambaye ni na uku"? Na daɗe ina juya wannan. In ya faɗa, ya gaya mata ke nan alherinta ne ke cutar da shi. In bai faɗa ba, ya bar ta ta cuce shi ba da saninta ba, ya kuma ɗora mata laifin da ba ta zaɓa ba. Na farkon rashin kunya ne, na biyun rashin adalci. Mutanenmu, in aka ba su zaɓi tsakanin biyun, ko tsayawa tunani ba sa yi. Arlen ya gode mata da kankarar, ya shiga mota.

Mataki na bakwai: Ranar liyafa, ka bar wani abu a bakin ƙofa

Juma'a, ƙarfe uku na rana, ɗakin shan gahawa. Ina wurin, a bayan injin kwafin da ke lungu, ina gyara, don ya fara cin takarda. An rataye ƙyallen. An miƙa katin. Duane ya samu kek ɗinsa na lemo, aka yi ta ci da cokulan roba ana hirar ranar da za a buɗe kamun kifi, har aka zo kan yanka na ƙarshe.

Ba sai na tuna maka ba, ba a cin yanka na ƙarshe. Wanda ya matsu yakan raba shi biyu ya ɗauki rabi. Na bayansa ya raba rabin. Haka za a yi ta yi har ya koma siriri kamar ashana, ya kwana a faranti har Litinin, mai shara ta zubar tana jin nauyin abin. A tarihin kamfanin ba a taɓa ganin ƙarshen kek a cikin bakin mutum ba.

Yankan na ranar babba ne, na kusurwa, da furen sukari a kansa. Duane ya ɗauki wuƙa zai raba. Daidai nan Gwen ta yi gyaran murya, ta ajiye farantinta, ta nufo Arlen. Hannunta ya fara tashi zuwa kafaɗarsa.

Arlen ya ji kalmomin sun riga sun taru a gindin harshensa, a jere, kamar ɗalibai a bakin aji. To. Tunda. Kin matsa. Ya san ba shi da ƙarfin tare su, kwana goma sha biyu na dankali sun nuna masa. Sai ya ga bangon gidan abincin nan a ransa, zarton Eino da gudumarsa a rataye, wani baƙo a ƙasa yana matsa lemon tsami a kan kifi yana tambayar ko na gaske ne.

Ya miƙa hannu ta gefen wuƙar Duane, ya ɗauki yankan duka da yatsu, ya cusa a baki.

Cokalin wata ya faɗi ƙasa. Ni kaina na leƙo.

"Kaftin," in ji Duane a hankali, wuƙa a sama. "Duka?"

Arlen bai amsa ba, don ba a magana da abinci a baki, wannan kam ko a lokacin bai manta ba. Ya yi ta tauna. Kek ɗin ya fi yadda ya zata girma. Yana tauna yana kallon sunan kirki na shekara ashirin da biyu yana gangarawa maƙogwaronsa: mutumin da ke riƙe wa kowa ƙofa, mai cika tukunyar gahawa in ta ƙare, wanda bai taɓa ɗaukar komai na ƙarshe ba. Daga yau shi ne wanda ya cinye kek. Abin mamaki, da ya gama gane haka, sai ya ji kafaɗunsa sun sauka. Babu sauran abin da zai tsare.

Gwen fuskarta ta yi fari, hannunta yana nan a iska. Amma 'yar gidan tarbiyya ce, ba ta tsayawa a biyu ko da wa take magana.

"Arlen… ba za ka… ɗan ƙara zama ba?"

Ya haɗiye. Ya share sukarin gemunsa da bayan hannu.

"A'a."

Shi ke nan. Rufin ɗakin bai faɗo ba. Bayan ɗan lokaci, da yake har yanzu ɗan uwarsa ne, ya ƙara da cewa, "Kek ɗin ya yi daɗi."

Darasin matakin nan: ba za ka fita da 'yancinka da kuma yabon kowa a kwali ɗaya ba. Ƙofar ba ta da faɗin haka. Zaɓi wanda za ka bari.

Mataki na takwas: Kada ka tsaya jin bayani

Ɗauki kwalinka ka wuce. In an kira sunanka, kada ka waiwaya. Arlen ya waiwaya. Gwen ce ta biyo shi har bakin lif, yana rungume da kwali mai ɗauke da kofinsa da tukunyar furen da ya daɗe da mutuwa.

"Arlen, in gaya maka wani abu?"

"Faɗi mana."

"Rahoton nan na Alhamis. Wanda kake aika wa, Mista Bjornstad… ya yi ritaya. Yana Arizona."

"Yaushe?"

"Shekara tara ke nan. Ba a maye gurbinsa ba. Akwatin saƙonsa ne dai aka manta ba a rufe ba."

"Tara," in ji Arlen.

"Na so in gaya maka. Amma ka fara sa zane mai launi a shafi na huɗu, na ga kana jin daɗin abin, sai na ce bari dai zuwa mako mai zuwa."

Ya gyara riƙon kwalin. "To, me ya sa kike ta ce mini in zauna?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta me ya sa ake gaisuwa. "Ai ba a barin mutum ya tafi ba a tambaye shi ba. Kowane karo ina roƙon Allah a raina ka ce a'a. Sai ka ce to. Me zan yi? In ce wasa nake?"

Suka tsaya suna kallon lambobin lif.

"Ka yi haƙuri, Arlen."

"A'a, ni ne zan ba ki haƙuri."

"Haba, laifina ne."

"Ina, nawa ne."

Lif ya buɗe ya rufe sau biyu kafin su gama.

Wannan shi ne ya fi komai hana ni sukuni a labarin. Mutum biyu na kirki, ba mai ƙin ɗan'uwansa, sun tsare juna shekara da shekaru, kowa yana ganin alfarma yake yi wa ɗayan. Da akwai mugu a cikinsu, da tuni an rabu. Na nemi wanda zan ɗora wa laifin, na rasa, kuma ban ji daɗin rasawar ba.

Mataki na tara: Je ka

Wannan ne matakin da aka fi mantawa. Ranar Litinin, kada ka bari motarka ta bi hanyar da ta saba.

Arlen ya isa rumfar bakwai saura kwata. Eino bai ce masa sannu da zuwa ba. Ya miƙa masa samfefa, takardar goge katako, ya nuna masa wani kwale-kwale a kife, tsawonsa ya kusa cika rumfar.

"Goge."

"Har yaushe?"

"Har in ce ya isa."

Sannan tsohon ya lallaɓa zuwa wayar da ke bango, ya kusantar da hanci ga wata 'yar takarda, ya danna lambobin ɗaya ɗaya.

"Lahti ne. Kada ka turo motar gobe." Ya saurara. "A'a, ba wani ne ya fi ka tayi ba. Na dai samu wanda zai lalata su a hankali."

Mako uku Arlen ya yi yana goge wannan kwale-kwalen. Kullum da yamma Eino ya bi shi da tafin hannu, ido a rufe, ya tsaya a wani wuri ya ce, "Nan."

Ba ruwana

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. Ba ruwana da bororon hannu, ko ciwon baya, ko garin katako da matarka za ta riƙa tsinta a injin wanki tana kiran cikakken sunanka. Ba ruwana in kwale-kwalenka na farko ya ƙi tafiya sai hagu, kamar na Arlen, wanda har yau in an sa shi a ruwa zagaye yake yi ya dawo da kai inda ka taso. Ba ruwana in matan coci suka fara janye faranti in sun hango ka. In kuma ka bar aikin ka tarar ba wanda ya lura, kada ka kawo mini ƙara. Kai ka nemi sani.

Masu tambaya ko abin ya biya shi, ni ba na ba da shaida a kan zuciyar wani. Na dai je can a watan Agusta, na same shi a bakin tafki yana lanƙwasa katako a kan gwiwa, Eino yana zaune a inuwa yana gaya masa ya yi kuskure tun bai gama ba. Na ce, "Arlen, yaya rayuwar?"

Ya daɗe yana duban tafin hannunsa da ya yi kanta.

"Ba laifi," in ji shi.

Ka san mutanenmu. Tunda nake ban taɓa jin ɗan Duluth ya yi ihun murna da ya kai wannan ba. Shi ma dai babu hannuna a ciki.